Bauɗaɗɗen Tauraro da Aka Zalunta a Adabi

Bauɗaɗɗen tauraro da aka zalunta wani nau'i ne na taurarin ƙagaggun labarai, wasannin kwaikwayo da finafinai. Shi ne mutumin da labari ke bin sawunsa, ko yake da babban gurbi a cikinsa, alhali ba shi da halayen da aka san gwarzo da su. Yakan kasance mai ƙullaci, mai kaushin baki, marar yarda da kowa, wani lokaci har da jinin mutane a hannunsa. Abin da ya raba shi da mugun labari shi ne abin da ya baro a baya. An cuce shi tun ba shi da ƙarfin ramawa, waɗanda kuma nauyin kare shi ke wuyansu, uba ne ko malami ko alƙali ko mai mulki, sun gani sun kau da kai. Masu karatu sukan tausaya wa irin wannan tauraro fiye da yadda aikinsa ya cancanta, kuma wannan tausayi ya daɗe yana haddasa gardama tsakanin masu nazarin adabi.

Asali

Kalmar da Ingilishi ke kiransa da ita, antihero, an fara ganinta a rubuce a 1714, amma abin ya girmi sunansa nesa ba kusa ba. Tun a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin Girka Aristotle ya ce tauraron da ya fi dacewa da wasan ban tausayi shi ne wanda yake tsaka-tsaki, bai cika nagarta ba bai kuma cika mugunta ba, tausayi kuwa yana tasowa ne idan masifa ta auka wa wanda bai cancance ta ba.

A Mahabharata, babbar waƙar Indiya ta dauri, akwai Karna, wanda mahaifiyarsa Kunti ta saka a kwando ta sake shi a kogi yana jariri. Matuƙin keken doki ne ya tsince shi ya raine shi. Da ya girma ya zama gwanin harbin baka, sai aka muzanta shi a bainar jama'a saboda asali, aka ce bai isa ya kara da ɗan sarki ba. Wanda ya miƙe ya share masa hawaye shi ne Duryodhana, jagoran ɓangaren da labarin ke ɗauka a matsayin azzalumai, ya naɗa shi sarkin Anga nan take. Daga ranar Karna ya zama nasa har mutuwa. Wannan zubi ya yi ta maimaituwa a adabi: mutanen kirki su rufe ƙofa, mugu ya buɗe tasa.

A ƙarni na 19 ne wannan tauraro ya yi ƙarfi sosai a adabin Turai, lokacin da marubuta suka mayar da hankali kan kotu, kurkuku, gado da bambancin matsayi.

Rauni biyu

Kusan kowane labari irin wannan yana ɗauke da rauni biyu. Na farko shi ne wanda azzalumi ya yi, duka ko gori ko ƙwace. Na biyu yana zuwa ne lokacin da wanda aka cuta ya kai kuka inda ya kamata, aka ƙi sauraronsa, ko aka ce ya yi haƙuri, ko ma aka mayar da laifin kansa. Marubuta sun daɗe da gane cewa na biyun ne ke ruɓewa ya zama ƙullaci. Masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar Amurka Jennifer Freyd ta yi nazarin abin da ta kira cin amanar hukuma, kuma binciken da ta wallafa tare da Carly Smith a 2013 ya nuna cewa waɗanda aka ci zarafinsu, sannan cibiyar da suka dogara da ita ta yi watsi da su, sun fi fama da illar abin.

Babu labarin da ya baje wannan a faifai kamar Michael Kohlhaas na Heinrich von Kleist, marubucin Jamus, wanda ya fito a 1810. Kohlhaas mai fataucin dawakai ne, mutum mai gaskiya da tsoron Allah. Yana kan hanyarsa daga Brandenburg zuwa Saxony aka tare shi a shingen wani basarake, Wenzel von Tronka, aka ce sai ya nuna takardar izinin wucewa. Ya bar baƙaƙen dawakansa biyu jingina tare da baransa. Da ya isa Dresden ya tarar babu wata doka da ta san da wannan takarda. Ya dawo ya iske dawakan sun rame sai ƙashi da fata, don an yi ta aikin gona da su, baran kuwa an lakaɗa masa duka an kore shi. Kohlhaas bai zare takobi ba. Ya shigar da ƙara, dangin basaraken da ke fada suka danne ta. Ya sake rubuta koke, aka amsa masa da cewa shi mai neman fitina ne. Matarsa Lisbeth ta ce bari ita ta kai takardar hannun mai mulki, wani dogari ya doke ta a ƙirji da gindin mashi, ta dawo gida ta cika. Sai bayan ya binne ta ya tara mutum bakwai ya ƙona gidan basaraken, daga nan ya cinna wa garin Wittenberg wuta har sau uku, gidajen mutanen da ba su san hawa ba balle sauka suka tafi a ciki. A ƙarshe kotu ta ba shi gaskiya kan dawakan, aka dawo masa da su sun yi ƙiba, aka yanke wa basaraken ɗaurin shekara biyu, shi kuma aka fille masa kai saboda tayar da yaƙi. Kleist ya gina labarin ne kan wani ɗan kasuwa na gaskiya, Hans Kohlhase, wanda aka kashe a Berlin a 1540.

Abin lura shi ne yawan matakan da Kleist ya sa mai karatu ya taka kafin a kunna wutar farko. Kowace ƙofa da aka rufe wa Kohlhaas tana ƙara masa uzuri a zuciyar mai karatu, har ya kai inda zai ga gari na ci da wuta bai ji zafin da ya kamata ya ji ba.

Yadda ake gina tausayin

Babbar dabara ita ce shigar da mai karatu cikin zuciyar tauraron. Wayne Booth, manazarcin adabi ɗan Amurka, ya bayyana a 1961 cewa daɗewa ana kallon duniya ta idon tauraro tana sa a so masa alheri ko da halinsa bai yi kyau ba. Mary Shelley ta yi amfani da wannan a Frankenstein, 1818. A tsakiyar littafin ta ba dodon labarin, wanda ɗan Adam ne ya haɗa shi da hannu, baki ya faɗi labarinsa da kansa: yadda Victor Frankenstein, wanda ya haɗa shi, ya tsere ya bar shi daren da ya buɗe ido, yadda ya laɓe yana koyon magana daga wani iyali yana saro musu itace a ɓoye, yadda suka fatattake shi ranar da suka ga fuskarsa, da yadda ya ceto yarinya daga ruwa aka saka masa da harsashi. Mai karatu ya riga ya san an kashe William, ƙanen Victor, kafin ya ji wannan. Da ya gama ji, sai ya rasa wa zai ɗora wa alhakin.

Dabara ta biyu ita ce lokacin da aka zaɓa don tona asirin baya. Wasu marubuta sukan fara da zaluncin, kamar Kleist. Wasu sukan bari sai mai karatu ya gama tsanar mutum sannan su buɗe masa tsohon rauninsa, sai kunya ta kama shi, kunyar nan kuma ta rikiɗe ta zama tausayi mai wuce gona da iri. Magneto na mujallun zane na Amurka ya fito a 1963 a matsayin mugu kawai. Sai a 1981 marubuci Chris Claremont ya ba shi tarihin wanda ya tsira daga Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi, daga nan kallon da ake yi masa ya canza.

Akwai kuma abin da ke faruwa a zuciyar mai karatu shi kansa. Melvin Lerner ya nuna tun a shekarun 1960 cewa mutane suna da ƙishin ganin duniya mai adalci, inda kowa ke girbar abin da ya shuka. A irin waɗannan labarai kujerar alƙali a wofi take, domin wanda ya kamata ya hau ta ya ƙi. Mai karatu ne ke hawa. Shi kaɗai ya ga abin da aka yi a ɓoye, shi kaɗai ya ji koken da aka ƙi ji, don haka yake jin bashi ne a kansa ya ba wannan mutum gaskiyarsa. Matsalar ita ce alƙali ne da ya fi jin ta bakin ɓangare ɗaya.

Inda gardama take

Wanda aka cuta a irin waɗannan labarai ba kasafai yake huce haushinsa kan wanda ya cuce shi kaɗai ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan ruwan na kusa yake dukan. Heathcliff na Wuthering Heights, littafin Emily Brontë na 1847, yaro ne da aka tsinto a titin Liverpool. Da mai gidan da ya ɗauko shi ya rasu, ɗansa Hindley ya hana shi karatu ya mayar da shi bawan gona, babu wanda ya tsawata. Heathcliff ya ɓace shekara uku ya dawo da dukiya, ya karɓe gidan, sannan ya ɗauki ɗan Hindley, Hareton, ya yi masa daidai abin da aka yi masa, ya tashe shi jahili. Ya auri Isabella don ƙuntata wa yayanta Edgar, wanda ya auri Catherine, masoyiyar Heathcliff, ya gana wa Isabella azaba har ta gudu. Duk da haka har yau akwai masu karanta littafin a matsayin labarin soyayya, abin da ke nuna ƙarfin surorin farko a kan duk abin da ya biyo baya.

A wannan zamani Severus Snape na jerin littattafan Harry Potter, waɗanda J. K. Rowling ta fitar daga 1997 zuwa 2007, shi ne aka fi ja-in-ja a kansa. Ya taso a gidan talauci da rigima. A makaranta James Potter da Sirius Black suka tasa shi gaba, har suka taɓa rataye shi kai ƙasa a gaban ɗalibai ana dariya. Wata rana Sirius ya yaudare shi zuwa wata hanyar ƙarƙashin ƙasa inda da ya rasa ransa, ba don James ya janyo shi ba. Shugaban makarantar, Dumbledore, ya hana Snape faɗa wa kowa abin da ya gani, Sirius kuwa ya ci gaba da karatunsa. Masu kare Snape a nan suke kafa hujja: yaro ya ga ransa bai kai darajar rufin asirin wasu ba, me zai hana shi bin waɗanda suka nuna suna bukatarsa? Masu suka kuma sukan amsa da Neville Longbottom, ɗalibi mai rauni wanda Snape, bayan ya zama malami, ya muzanta har ya zama shi ne abin da yaron ya fi tsoro a duniya. A nan Snape ya koma mai ikon da ke cin amanar wanda ke ƙarƙashinsa. Dukan ɓangarorin biyu daga littafin suke karantowa, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa.

Wasu marubuta ma tausayin ne ba su yarda da shi ba. Richard Wright, baƙar fata ɗan Amurka, ya lura cewa littafinsa na farko ya sa masu hali kuka sun kuma ji daɗin kukan, sai ya ƙudura rubuta wanda ba zai bar wa kowa wannan sauƙin ba. Haka ya samar da Bigger Thomas a Native Son, 1940, matashin da wariya ta matse, wanda ya kashe mata biyu, ɗaya daga cikinsu budurwarsa ce. Makamanciyar wannan damuwa ta taso a 2019 kan fim ɗin Joker, wanda tauraronsa mai taɓin hankali ne da aka rufe ofishin da ke kula da shi saboda rage kasafi. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Venice, yayin da wasu masu sharhi suke ganin ya wanke kisa da uzurin wulakanci.

Idan mai iko bai kau da kai ba

Jean Valjean na Les Misérables, littafin Victor Hugo na 1862, ya fara da duk kayan da ake gina wannan tauraro da su. Ya yi shekara 19 a ɗaure, biyar saboda satar burodi, sauran saboda yunƙurin gudu, ya fito da takardar shaida mai ruwan ɗorawa wadda ke sa kowane masauki ya kore shi. Bishop Myriel, babban limamin cocin garin Digne, ya ba shi abinci da makwanci, shi kuwa ya tashi cikin dare ya kwashe kayan azurfar gidan. Da jami'an tsaro suka dawo da shi da safe, Myriel ya ce kyauta ya ba shi, ya ƙara masa da maɗoran kyandir biyu yana cewa ya manta da su. Hugo bai sa ƙullacin ya narke nan take ba. A ranar, kan hanya, Valjean ya taka tsabar kuɗin wani yaro mai suna Petit-Gervais ya ƙi ɗaga ƙafa har yaron ya gudu yana kuka. Sai bayan nan ya ga kuɗin a ƙasa, ya bi daji yana kiran sunan yaron, babu amsa.