Waiwaye: Sam Manekshaw, Daga Gaɓar Kogin Sittang Zuwa Faɗuwar Dhaka

A watan Fabrairun 1942, lokacin da sojojin Japan suke fatattakar rundunar Birtaniya a ƙasar Bama (Myanmar ta yau), wani kyaftin ɗan Indiya mai shekara 27 ya jagoranci mutanensa domin ƙwato wani tudu da ke kusa da gadar kogin Sittang. Sun karɓe tudun, amma harsasan bindiga mai sarrafa kanta suka same shi a ciki. Manjo Janar David Cowan, da ya ga halin da yake ciki, sai ya cire tasa alamar lambar yabo ta Military Cross ya maƙala masa a ƙirji nan take, domin ba a bai wa mamaci wannan lamba. Wani soja mai yi masa hidima, Sher Singh, shi ya ɗauke shi daga fagen daga har zuwa wurin likita. Ana rawaito cewa da likitan ya tambaye shi abin da ya same shi, sai ya ce alfadari ne ya harbe shi, kuma wannan ƙarfin hali ne ya sa likitan ya amince ya yi masa tiyata. A wannan yaƙi na Bama ne dubban sojojin Najeriya, ciki har da Hausawa masu yawa, suka fafata daga 1943.

Sunan kyaftin ɗin Sam Manekshaw. An haife shi a Amritsar ranar 3 ga Afrilun 1914, ɗan likita daga al'ummar Parsi, wata ƙaramar al'umma a Indiya mai asali daga Farisa, kuma yana cikin rukunin farko da ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta Dehradun a 1932. Bayan samun 'yancin Indiya ya riƙe muƙamai da dama, har da shugabancin kwalejin hafsoshi ta Wellington a kudancin Indiya, wadda Olusegun Obasanjo da Muhammadu Buhari suka halarta daga baya. A can ne bakinsa ya kusa ja masa, domin rashin jituwa da ministan tsaro Krishna Menon ya kai ga kafa masa kwamitin bincike bisa zargin rashin biyayya ga ƙasa. An wanke shi, kuma da China ta yi wa Indiya kaca-kaca a 1962, shi aka tura ya farfaɗo da rundunar da ta sha kashi.

Abin da ya fi nauyi a tarihinsa, a ganina, ya faru ne a zauren taro cikin Afrilun 1971, yana babban hafsan sojojin ƙasa. Sojojin Pakistan suna murƙushe al'ummar Bengali a gabashin ƙasarsu, miliyoyin 'yan gudun hijira suna kwarara cikin Indiya, ita kuwa Firaminista Indira Gandhi tana son a shiga yaƙi ba da ɓata lokaci ba. Manekshaw ya ce mata ba a shirya ba. Damina na tafe, koguna za su cika su hana tankoki motsi. Hanyoyin tsaunukan Himalaya a buɗe suke, China na iya shigowa. Tankokin da ke aiki kaɗan ne. Kwashe jiragen ƙasa domin jigilar soja kuwa zai hana kai amfanin gona kasuwa. Ya nuna a shirye yake ya ajiye aiki idan ba a gamsu ba. Ba kowane hafsa ke iya faɗa wa shugaba irin wannan gaskiya ba, ita ma ta cancanci yabo da ta saurara.

Yaƙin ya ɓarke ranar 3 ga Disamba, kuma ranar 16 ga watan Laftanar Janar Niazi na Pakistan ya miƙa wuya ga Laftanar Janar Jagjit Singh Aurora na Indiya a Dhaka, babban birnin gabashin Pakistan a lokacin. Kimanin mutum 93,000 aka kama a matsayin fursunonin yaƙi, aka kuma samu sabuwar ƙasar Bangladesh. A Janairun 1973 aka ba shi muƙamin Fil Mashal, na farko a tarihin sojojin Indiya.

Duk da haka, gwamnati ba ta kyauta masa ba a ƙarshe. Sai a 2007, yana kwance a asibiti, aka biya shi bashin haƙƙoƙin muƙaminsa. Ya rasu a Wellington ranar 27 ga Yunin 2008 yana da shekara 94, kuma shugabar ƙasa da firaminista da ministan tsaro ba su halarci jana'izarsa ba.