Me ake nufi da "bekta" a sana'ar dizain?

Ɗan yayana a waya ya koyi dizain, babu malami babu makaranta, sai bidiyon YouTube da yake saukewa da datar dare ya kalla da safe. Yanzu a ƙauyenmu da ke gefen Ringim shi ne mai haɗa katin biki da fastar 'yan ƙwallo. Da Islamiyyarmu ta tashi walimar saukar Alƙur'ani, aka ba shi aikin tambarin makaranta da babban fileks ɗin da za a rataya a bango. Ya haɗa a PixelLab, wata manhajar dizain ta waya, ya fito gwanin sha'awa, ya tura wa mai bugawa a Kano ta WhatsApp. Sai amsa ta dawo: "Ƙanena, wannan zai fashe. Kana da bekta ɗinsa?" Yaro ya same ni a shagon caji ransa a jagule: "Baffa, mene ne kuma bekta?"

Duk wanda ya koya wa kansa wannan sana'a, a nan yake fara cin tuntuɓe, don a fuskar waya ba a ganin bambancin.

Hoto a kwamfuta iri biyu ne. Na farko shi ne wanda kyamara ke ɗauka, kuma an jera shi ne da ƙananan ɗigo masu kusurwa huɗu, kowanne da launinsa. Ɗigo ɗaya shi ake kira fiksel. Ɗauki hular zanna ka duba: daga nesa zane kake gani, ka kusanto da ita ido sai ka ga ɗinki ne ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙidayayye. Haka fayilolin hoto irin JPEG da PNG suke. Adadin ɗigon ba ya ƙaruwa don ka ja hoton ya yi faɗi, sai dai kowane ɗigo ya kumbura. Wannan kumburin shi masu firinta ke cewa hoto ya fashe: bakin haruffa ya zama kamar haƙoran zarto, fuska ta yi dishi-dishi.

Mu yi lissafi da aikin yaron nan. Fiksel 1080 ne faɗin abin da ya haɗa, irin girman da ake ɗorawa a Facebook da Instagram. Fileks ɗin kuwa mita 2 ne, wato kusan inci 79. Ka raba, kowane inci zai samu ɗigo 14 kacal, kowane ɗigo ya kusa milimita 2, ya kai ƙwayar gero. Alhali bugu mai kyau na riƙewa a hannu ɗigo 300 ake so a kowane inci, shi ya sa takardar A4 guda ke cin fiksel 2480 a faɗi, 3508 a tsawo. Fileks ba ya buƙatar haka tunda daga nesa ake kallonsa, amma 14 ta yi kaɗan ga wanda zai matso kusa da shi. Ga kuma WhatsApp da ke matse hoto idan an tura shi a matsayin hoto, sai ya ƙara rage ɗan abin da ke akwai. Wanda ya sani, a matsayin fayil yake turawa.

Bekta ita ce iri na biyu, kuma ba ta ajiye ɗigo ko ɗaya. Umarni take ajiyewa. Ka taɓa ganin magini zai fitar da harsashin rumbu? Yakan kafa turke a tsakiya, ya ɗaura igiya, ya zaga da tsinke a ƙasa. In ƙaramin rumbu ake so ya rage igiya, in babba ne ya ƙara, da'irar kuma sumul take fita ko yaya girmanta, domin kowane lokaci sabuwa yake zanawa. To fayil ɗin bekta abin da ke cikinsa ke nan: tsakiya a nan, tsawon igiya kaza, a cika da kore. Ko a kan katin shaida za a buga tambarin ko a jikin tirela, kwamfuta za ta sake zana shi daidai girman da aka nema. Lanƙwasar layukan kuma da wani lissafi ake fitar da ita mai sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yi aiki da shi wajen zana jikin mota a shekarun 1960. Waɗannan 'yan hannaye da kake ja a manhajar dizain layi ya lanƙwashe, nasa ne.

Fayilolin bekta da za ka riƙa ji su ne SVG, da AI na Adobe Illustrator, da CDR na CorelDRAW. Shi CorelDRAW, wanda ya fito tun 1989 daga Kanada, shi ne a kan kwamfutar yawancin masu buga fileks da sitika a wajenmu, don haka in mai firinta ya ce "turo a Corel", bekta yake nema. Wanda ba shi da kuɗin lasisi, akwai Inkscape, kyauta ce halal, kuma tana tashi a tsohuwar laftof 'yar gwanjo. Ni a ganina da matashi ya ɓata wata uku yana tara sitika da adon haruffa a waya, gara ya samu aron laftof na mako biyu ya koyi jan layi da alƙalamin Inkscape har hannunsa ya faɗa.

Akwai wani kuskure da ya kamata a kiyaye. PDF na iya ɗaukar bekta, yana kuma iya ɗaukar fiksel. Mutum ya saka JPEG cikin PDF bai mai da shi bekta ba, ya dai sa gero a sabon buhu. Gwajin mai sauƙi ne: buɗe fayil ɗin ka yi ta zuƙo shi har iyaka. In bakin harafi yana nan da kaifinsa, bekta ce. In ya fara zama ɗaki-ɗaki, fiksel ne.

Ba kuma komai ake mayarwa bekta ba. Hoton fuskar malam ko na ɗaliban da suka sauke dole ya zauna a fiksel, sai dai a ɗauke shi da girma a wurin da ke da haske. Tambari, rubutu, da zane mai launi kaɗan su ne na bekta.

Mu masu rubuta Hausa muna da ƙarin dalili. Haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, ba kowane salon rubutu ke da su ba. Ka haɗa aikinka lafiya, a buɗe a wata kwamfutar da ba ta da salon da ka zaɓa, sai ka tarar da akwati a gurbin ƙ, ko harafin ya fito da wata kama daban kamar baƙo a cikin dangi. Maganinsa shi ne ka mayar da rubutun zane kafin ka tura, a CorelDRAW da Ctrl da Q ake yi. Amma ka ajiye kwafin asali a gefe, don da zarar rubutu ya koma zane ba ya gyaruwa, kuma da wuya kwamitin walima ya ƙi dawowa da sunan da aka manta.

Namu kwamitin ya dawo da sunaye uku. Yaron ya kwana biyu yana sake zana tambarin a laftof ɗin wani malamin firamare, ya tura a daren Laraba, fileks ya iso a motar kasuwa ana gobe walima.