Gigin tsufa a zangunan Kumasi

Gigin tsufa, ko ruɗewar tsufa, hali ne da ke taɓa tunanin tsoho da ɗabi'arsa, ya yi ta ƙaruwa har zuwa ƙarshen rayuwa. Likitoci suna ɗaukarsa cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba yawan shekaru kawai ba. A unguwannin Hausawa na birnin Kumasi a ƙasar Ghana, irin su Aboabo, Asawase da Sabon Zango, an fi cewa "ya koma yaro".

Alamomi

Abin da ya faru ɗazu shi ke fara ɓacewa, na da can kuma ya zauna daram. Dattijo zai idar da sallar la'asar, ya naɗe darduma, can kuma ya nemi buta wai bai yi salla ba. Zai kira jikarsa da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. Wanda ya yi shekaru yana ciniki da Tuwi, harshen Asantawa, yakan rasa shi, ya koma Hausar da ya tashi da ita. Almuru ya fi wuya: tsoho ya ɗaure kayansa ya nufi ƙofa, ya ce gida zai tafi, alhali a gidan da ya gina yake. Gidan da yake nufi wani lokaci Salaga ne, a arewacin Ghana, inda kakannin wasu iyalan suka baro bayan yaƙin basasar 1892, wani lokaci Kano ko Sakkwato. Hali ma yana juyewa. Mai haƙuri ya zama mafaɗaci, mai kyauta ya riƙa ɓoye kuɗi cikin matashi yana zargin masu jinyarsa da sata. A ƙarshe magana takan ɗauke, haɗiyar abinci ta gagara, kuma sau da yawa ciwon huhu ne ke zama ajali.

Tarihi da addini

A shekarar 1906 likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana cutar da ke ɗauke da sunansa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu wannan hali. Wajen wannan lokacin ne aka buɗe asibitin masu taɓin hankali na Accra. Na Ankaful da na Pantang sun biyo baya a 1965 da 1975.

Malaman zango sun daɗe da sanin halin ta wata hanya. Alƙur'ani ya ambaci "arzalil umuri" a Suratun Nahli, aya ta 70, da Suratul Hajji, aya ta 5, wato shekarun da mutum ba ya sanin komai bayan ya sani. A fiƙihu, wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, ba a binsa salla ko azumi. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, sai magada sun yarda, kuma wadda aka yi cikin gigi kan jawo gardama bayan rasuwa. Shi ya sa malamai ke son a rubuta ta tun da sauran hankali, gaban shaidu.

Zargin maita

A wasu sassan arewacin Ghana ana danganta sambatun tsofaffin mata da maita. Majalisa ta amince da dokar hana wannan zargi a 2023, shugaban ƙasa na lokacin bai sa hannu ba.

Jinya

Babu maganin da ke warkar da gigin tsufa. Asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma inshorar lafiya ta ƙasa ta yafe wa 'yan shekara 70 zuwa sama kuɗin shekara. Amma nauyin jinyar yana kan iyali, galibi 'ya'ya mata da surukai.