Adireshi ya ce Abuja, doka ta ce Nasarawa: ina za a nemi takardun ɗan'uwa?

Mutum ya bar gida shekara da shekaru, abin da ya rage a hannun dangi tsohuwar ambulan ce da lambar wayar da ta daina shiga. A bayan ambulan an rubuta "Mararraba, Abuja". Sai a haɗa wa wani ƙane kuɗin mota ya nufi ofisoshin Babban Birnin Tarayya yana cigiya. Zai sha yawo har takalmi ya cinye, ba kuma don wani ya ɓoye masa komai ba. A doka Mararraba ba Abuja ba ce. Tana cikin ƙaramar hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, iyaka ta ratsa tsakaninta da Nyanya ta Birnin Tarayya, gidaje kuwa sun haɗe har ba ka gane inda wannan ta ƙare waccan ta fara.

Tushen abin yana cikin Tsarin Mulki na 1999. Harkar gidan waya tana cikin jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka, NIPOST ce ke gudanar da ita. Lambar yanki mai alƙaluma shida, irin su 700001 ta Kano, 800001 ta Kaduna da 900001 ta Garki a Abuja, an yi ta ne don a san ofishin da zai raba wasiƙa. Ba ta cewa komai a kan wanda ke mulkin ƙasar da gidan yake kai. Akwatin gidan waya ma ya fi ɓad da mutum. Malamin da ke koyarwa a ƙauye akwatin ofishin ilimi na cikin gari yake bayarwa, ɗan kasuwa kuma ya rubuta "ta hannun Alhaji wane, Kantin Kwari", alhali shi a Ungogo yake kwana.

Ita kuwa ƙaramar hukuma doka ce ta kafa ta. Sashe na 3 da Jadawali na Ɗaya na Tsarin Mulkin sun lissafa ƙananan hukumomi 768, ga shida na Birnin Tarayya, jimilla 774. Sashe na 8 ya ce ba a gyara iyakar ɗaya daga cikinsu sai majalisar dokokin jiha ta yi doka, bayan kashi biyu cikin uku na wakilan yankunan da abin ya shafa sun goyi bayan buƙatar. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, shi ya sa gari ke ta faɗaɗa iyaka tana nan inda aka bar ta. Samaru, inda babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello take, kowa Zariya yake rubutawa, amma ƙaramar hukumarta Sabon Gari ce. Rigasa Kaduna ce a baki, Igabi ce a takarda. Madalla tana Jihar Neja, Zuba da ke maƙwabtaka da ita tana Birnin Tarayya. Kano kuwa, abin da ake kira cikin gari ya kasu tsakanin Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo. Jadawali na Huɗu ya ba kowace ƙaramar hukuma ikon sa wa tituna suna da yi wa gidaje lamba, don haka ba abin mamaki ba ne a sami Layin Masallaci biyu a gari ɗaya.

Yanzu ga inda maganar ta shafi mai neman ɗan'uwa. Dokar tilasta rajistar haihuwa da mutuwa ta 1992 ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ta kuma ce a yi rajistar a yankin da abin ya faru. Ba inda mutum yake zaune ba, ba garin iyayensa ba, inda aka haife shi ko inda rai ya yi halinsa. Ɗauki mazaunin Mararraba da ciwo ya tsananta aka kai shi asibiti a Asokoro ya cika a can. Takardar rasuwarsa ta Birnin Tarayya ce. Takardar filinsa kuwa tana hannun hukumar filaye ta Nasarawa, domin Dokar Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta. In an taɓa kai rahotonsa wurin 'yan sandan unguwa, rundunar Jihar Nasarawa ce ke da labarin. Mutum ɗaya, gida ɗaya, takardunsa a hannun gwamnatoci biyu.

Akwai wani ruɗani da Tsarin Mulkin da kansa ya haifar. Jadawali na Huɗu ya sa rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙaramar hukuma, Jadawali na Uku kuma ya ba Hukumar Ƙidaya aikin haihuwa da mutuwar. A ganina wannan sakaci ne na masu rubutawa, talaka ne kuma yake biyan kuɗin motarsa. A aikace dai takardar Hukumar Ƙidaya ake karɓa yau. Wanda aka haifa kafin 1992, in har an yi masa takarda, galibi asibiti ne ko ƙaramar hukuma ko tsohuwar En'e ta bayar, can ya kamata a fara dubawa.

Sannan a duba shekarar da ke kan ambulan, domin iyakoki sun sha motsi. Funtuwa da Daura Jihar Kaduna ce har 1987 da aka ƙirƙiri Katsina. Haɗeja, Gumel da Kazaure Jihar Kano ce har 1991. Gusau tana Sakkwato, Gombe tana Bauchi, Keffi da Lafiya suna Filato, duk har 1996. Wasiƙar da aka rubuta kafin 1976 mai ɗauke da sunan Abuja kuwa ba birnin da muka sani take nufi ba. Garin da ake kira Suleja yau take nufi, wanda ya bar wa sabon birnin sunansa bayan dokar soja mai lamba 6 ta 1976 ta kafa Birnin Tarayya. In fayil ya girmi jihar, a tambaya a sabuwar hedikwata a kuma tambaya a tsohuwar. Na zamanin Turawa, lokacin larduna da gundumomi, ana neman su a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna.

Wani tarko shi ne gurbin "ƙaramar hukuma" a fom ɗin aiki ko na makaranta. Yawanci asalin uba ake nufi, ba wurin zama ba. Wanda aka haifa a Jos, ya girma a can, yana iya rubuta Bichi ko Malumfashi, garin da ƙila ko salla bai taɓa yi a ciki ba. In kana da kwafin katin zaɓensa, ka riƙe shi da kyau. Lambobin da ke jiki suna nuna jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa da rumfar zaɓe, rumfa kuwa yawanci ba ta nisa da inda mutum yake kwana ranar da ya yi rajista. Daga rumfa sai mai unguwa, daga shi sai limami da mai shayin bakin layi. A kurmi kuma fadar Sarkin Hausawa da tashar da motocin garinku ke sauke fasinja sun fi kowane ofis sanin wanda ya zo da wanda ya tashi.

Kada dai a zaci zumunci yana buɗe kowace ƙofa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana banki, kamfanin waya ko hukumar katin ɗan ƙasa miƙa adireshin mutum ga duk wanda ya zo ya ce shi wansa ne. Hanyar ita ce a kai rahoton ɓata ga 'yan sanda, su ko kotu su nema bisa ƙa'ida. Baligi mai hankali da ya zaɓi ya yi nisa da dangi bai karya doka ba, ko da abin ya yi ciwo. Waɗanda rikici ya raba da 'yan'uwansu, kamar na Arewa maso Gabas, ƙungiyar agaji ta Red Cross tana da sashen cigiya da sada iyalai, kyauta ne.

In an yi iya yi ba a dace ba, sashe na 164 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda kotu ta ɗauki mutum a matsayin mamaci idan an shekara bakwai waɗanda ya kamata su ji ɗuriyarsa ba su ji ba. Ga Musulmi, kotun shari'a tana da nata hukuncin a kan wanda ya ɓace. A mazhabar Malikiyya matarsa tana jiran shekara huɗu kafin ta shiga takaba, kuma ba daga ranar da ya fita ake fara ƙirga ba, sai maganar ta je gaban alƙali, ya sa an yi cigiya ba a same shi ba.