Shari'ar Gwamnatin Amurka da Google kan Babakere

Shari'ar Amurka da Google ƙara ce da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka da jihohi 11 suka shigar ranar 20 ga Oktoba, 2020, suna zargin kamfanin da yin babakere a harkar binciken intanet. Sun dogara ne da dokar Sherman ta 1890 mai hana babakere, wadda aka yi amfani da ita wajen wargaza kamfanin mai na Standard Oil a 1911, da kuma gurfanar da Microsoft a 1998.

A dokar Amurka, mamaye kasuwa shi kaɗai ba laifi ba ne, muddin ingancin kaya ne ya jawo shi. Laifin shi ne toshe wa abokan gasa hanya. A nan ne shari'ar ta ta'allaƙa. Google yana biyan masu ƙera waya da kamfanonin sadarwa da masu burauza (manhajar shiga shafukan intanet) maƙudan kuɗi domin injin bincikensa ya zama shi ne mutum zai tarar a saite da zarar ya buɗe sabuwar waya. An bayyana a gaban kotu cewa a 2021 kaɗai ya kashe dala biliyan 26.3 a wannan hanya, kuma Apple ya samu dala biliyan 20 a 2022. Yawancin mutane ba sa taɓa saitin da suka tarar. Kowane bincike kuma ƙarin bayanai ne da Google ke inganta aikinsa da su, yayin da irin su Bing na Microsoft ke zaman jiran ciniki.

Google ya kare kansa da cewa jama'a ne suka zaɓe shi domin ya fi kowa iyawa. Mai shari'a Amit Mehta na kotun tarayya da ke Washington bai musanta ingancin ba. Sai dai tambayar da masu ƙara suka nace a kanta tana da nauyi: in kayanka na sayar da kansa, me zai sa ka biya biliyoyi don a ajiye shi a bakin ƙofa? Ranar 5 ga Agusta, 2024, Mehta ya yanke cewa Google, mai riƙe da kusan kashi 90 cikin ɗari na bincike a Amurka, ya karya doka wajen kare matsayinsa.

Matakin gyara da ya biyo baya ranar 2 ga Satumba, 2025 bai kai abin da gwamnati ta nema ba. Alƙalin ya ƙi tilasta wa kamfanin sayar da burauzarsa ta Chrome, yana mai la'akari da yadda ƙirƙirarriyar basira irin ta ChatGPT ta fara sauya kasuwar. Ya haramta yarjejeniyoyin da ke hana abokan hulɗa ɗaukar kayan wani, ya umarci Google ya ba abokan gasa wasu bayanai, amma ya bar shi ya ci gaba da biyan Apple da sauransu.