Sunan dangi ɗaya a Ingila ba ya nufin kaka ɗaya

An daɗe ana cewa duk Turawan Ingila masu sunan dangi iri ɗaya, kamar Smith ko Taylor, jininsu ɗaya. Ba haka abin yake ba.

Gadon sunan dangi ya fara yaɗuwa ne bayan 1066, kuma sai wajen 1400 yawancin iyalai suka riƙe shi. Da yawa daga sana'a suka fito: Smith maƙeri ne, Taylor tela, Baker mai gasa burodi. Kusan kowane ƙauye yana da maƙerinsa, don haka sunan ya tsiro a wurare da dama ba tare da wata dangantaka ba. Kamar dai yadda masu amsa sunan Kano a ƙarshen sunansu ba gida ɗaya suka fito ba.

Mai son tabbatarwa sai ya fara daga kansa ya koma baya, tsara bayan tsara, yana riƙe da takarda a kowane mataki. Rajistar gwamnati ta haihuwa, aure da mutuwa ta fara a Yulin 1837. Kafin nan sai littattafan coci, waɗanda aka fara rubutawa a 1538. Ƙidayar 1851 tana nuna garin haihuwa, ta 1841 kuwa ta kan rage shekarun manya zuwa biyar-biyar (misali mai shekara 34 a rubuta masa 30), a kiyaye.

Rubutun suna ma yana rikitarwa, domin akawu yadda ya ji yake rubutawa: Smith, Smyth, Smythe. A gwada kwanan wata da sunan iyaye, kada a dogara da sunan kaɗai.

Don Allah a tura wa masu sha'awar wannan bincike.