Waiwaye: Yadda Korar Ɗalibai a Maiduguri Ta Sauya Ladabtarwa a Jami'o'in Najeriya

Kusan duk ƙarshen zango sai takarda ta fito daga wata jami'a ko kwalejin ilimi: an kori ɗalibai kaza, an dakatar da wasu na zango biyu, bisa laifin satar amsa, ko takardun bogi, ko shiga ƙungiyar asiri. Mutane su duba sunaye, su ce Allah ya kyauta, su wuce. Da wuya ka ji an tambayi hanyar da aka bi kafin a kai ga hukuncin. Alhali a kan wannan tambaya aka shafe fiye da shekara 40 ana ja-in-ja a ƙasar nan, kuma shari'ar da ta fi tasiri a kai daga Borno ta taso.

Dokokin da suka kafa jami'o'inmu sun ba shugaban jami'a iko mai faɗi a kan ɗalibi. Yana iya hana shi shiga wani sashe na makaranta, ya dakatar da shi, ko ya sallame shi baki ɗaya. A zamanin soja an yi amfani da wannan iko ba tare da wani dogon bayani ba. A watan Afrilun 1978, da gwamnatin Obasanjo ta ƙara kobo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibai na yini, zanga-zangar neman sauke kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ta game ƙasa. An kashe ɗalibai a Legas da Zariya, aka haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, shugabanta Segun Okeowo kuma aka kore shi daga Jami'ar Legas.

A watan Fabrairun 1983 tarzoma ta ɓarke a Jami'ar Maiduguri. An ƙona dukiya, an wawashe kaya, an ci zarafin mutane. Ɓarna ce ta gaske, kuma babu mai hankalin da zai ce a bar ta haka nan. Hukumar jami'a ta kafa kwamitin bincike, ta ɗora mataimakin shugaban jami'a a kansa, wanda shi ma yana cikin waɗanda tarzomar ta taɓa. Da rahoto ya fito aka kori ɗalibai da dama. Wasu daga cikinsu suka garzaya babbar kotu a Maiduguri suka yi nasara, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya hukuncin, magana ta tafi Kotun Ƙoli. Wannan ita ce ƙarar da lauyoyi ke kira Garba da Jami'ar Maiduguri, da sunan ɗaya daga cikin ɗaliban da aka kora.

A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar. Hujjarta ta farko kowane mai unguwa ya san ta: wanda aka yi wa ɓarna ba ya zama alƙalin wanda ake zargi da yi masa ita. Sannan ba a ba yaran cikakkiyar damar sanin abin da aka faɗa a kansu su kare kansu ba, wanda sashe na 33 na tsarin mulkin 1979 ya wajabta, kuma yau yana nan a sashe na 36 na tsarin mulkin 1999. Hujja ta biyu ita ta fi girgiza hukumomin makarantu. Kotu ta ce ƙone-ƙone da sata da cin zarafi manyan laifuka ne a dokar ƙasa, don haka kotu ce ke da hurumin tabbatar da cewa wane ya aikata su, kwamitin jami'a ba shi da wannan hurumi.

A ganina wannan hukunci ya yi wa jami'o'i gata, ko da yake da yawa a lokacin sun ɗauke shi a matsayin ɗaure musu hannu. Korar ɗalibi na shekarar ƙarshe tana nufin shekaru huɗu ko biyar sun tafi, tare da gonar da uba ya jinginar da kuɗin adashin uwa. Hukunci mai nauyi irin wannan dole ya tsaya da ƙafarsa a gaban kowa.

Darasin bai shiga da wuri ba. A watan Mayun wannan shekara ta 1986, a Jami'ar Ahmadu Bello, ladabtar da shugabannin ƙungiyar ɗalibai bayan jerin gwanon tunawa da waɗanda aka kashe a 1978 ya haifar da rikicin neman sauke shugaban jami'ar, Farfesa Ango Abdullahi. 'Yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga harabar jami'ar a Samaru, Zariya, aka sake rasa rayuka, gwamnatin Babangida ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Janar Emmanuel Abisoye. Daga baya, a 1989, aka fito da dokar soja mai lamba 47 don taƙaita ayyukan ƙungiyoyin ɗalibai.

Ta ɓangaren satar jarrabawa kuwa, gwamnati ta gwada tsananin hukunci. Dokar soja mai lamba 20 ta 1984, a mulkin Janar Buhari, ta tanadi ɗaurin shekara 21. Satar amsa ba ta mutu ba. A 1999 aka kawo sabuwar doka mai lamba 33: wanda bai kai shekara 18 ba, tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, malami ko mai sa ido a jarrabawa da aka kama da hannu a ciki, shekara 4 babu zaɓin tara. Duk da haka galibin shari'o'in nan a ɗakin kwamitin ladabtarwa suke ƙarewa, kuma sunan ɗalibi ne aka fi gani a allon sanarwa, na malamin da ya sayar da maki kuwa sai jefi-jefi.

A 2004 Kotun Ƙoli ta ɗan sassauta wa makarantu. A ƙarar Esiaga da Jami'ar Kalaba, inda aka zargi wani ɗalibi da alaƙa da ƙungiyar asiri, ta amince cewa jami'a na iya dakatar da ɗalibi yayin da ake bincike, domin kare zaman lafiyar sauran. Bayan kisan ɗalibai 5 da 'yan ƙungiyar asiri suka yi a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife a watan Yulin 1999, wannan matsaya tana da ma'ana. Daga nan aka samu tsarin da yawancin makarantu ke bi yanzu: a ba ɗalibi takardar tuhuma, a gayyace shi gaban kwamiti, a ji ta bakinsa, a ba shi damar ɗaukaka ƙara zuwa majalisar gudanarwa.

Akwai dai wata al'ada da ta tsallake duk waɗannan shari'o'i. Idan an yi tarzoma aka rufe makaranta, sai a ɗora wa kowane ɗalibi kuɗin gyaran ɓarna, a ce ya zo da mahaifinsa ko waliyyinsa da takardar alkawarin zama lafiya kafin a bar shi ya koma aji. Wanda ya fasa gilashi da wanda yake kwance a asibiti ranar, kuɗi ɗaya za su biya, kuma babu kwamitin da ke zama ya saurari na biyun.